Taipei: Inda Aka Tare Ciwon Hanta a Ɗakin Haihuwa

Baƙon da ya sauka a Taipei, babban birnin tsibirin Taiwan, abin da zai fara cika masa ido shi ne benen nan mai hawa 101 da ake hangowa daga kowace kusurwa, da jiragen ƙarƙashin ƙasa da ba sa saɓa lokaci, da kasuwannin dare inda hayaƙin soye-soye ke tashi har talatainin dare. Ni abin da ya kai ni ba a ganinsa a titi. A shekarun 1970, idan aka ɗebi jinin mutum ɗari a wannan tsibiri, sai a sami 15 zuwa 20 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, abin ya yi musu katutu har suna kiran ciwon hanta cutar ƙasa. Yau idan aka gwada yara ɗari, da wuya a sami ɗaya. Na so in taka wurin da aka yi wannan aiki, domin cutar da suka tare ita ce ke kwantar mana da magidanta 'yan shekara talatin da arba'in, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a yi ta cewa sammu ne ko shawara ce ta yi tsanani, har rai ya yi halinsa.

Tsohon ginin Asibitin Jami'ar Taiwan na jan bulo ne, tun na zamanin mulkin Japan, yana tsakiyar gari kusa da wani lambun shan iska, kuma har gobe ana duba marasa lafiya a cikinsa. A nan ne Farfesa Sung Juei-Low, wanda suke ɗauka uban ilimin hanta a ƙasar, da almajirinsa Chen Ding-Shinn suka shafe shekaru suna ganin dajin hanta yana bin dangi, ya ɗauki wa, ya dawo ya ɗauki ƙane. A 1972 wani likita Ba'amurke, Palmer Beasley, ya zo aiki a cibiyar binciken lafiya ta sojan ruwan Amurka da ke Taipei a wancan lokaci. Shi da abokiyar aikinsa Cladd Stevens da likitocin ƙasar suka bi diddigin mata masu ciki da jariransu, a 1975 suka bayyana cewa daga uwa cutar ke sauka kan ɗa. A shekarar dai aka nuna cewa ba ta nono take bi ba, domin jariran da suka sha nono da waɗanda aka ba madara kamuwarsu ɗaya ce. Sai a 1981 Beasley ya fitar da sakamakon bin lafiyar maza ma'aikatan gwamnati 22,707. Mutum 41 dajin hanta ya kashe, 40 daga cikinsu masu ɗauke da ƙwayar ne.

To, a nan gizo ke saƙar. Ƙwayar ɗaya ce, amma abin da take yi ya danganta da shekarun wanda ta kama. Baligi idan ya kamu, fiye da kashi 95 cikin ɗari jikinsu kan kore ta cikin 'yan watanni. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, kimanin uku cikin goma take zaune wa. Jinjirin da ya kamu lokacin haihuwa kuwa, tara cikin goma ta zauna ke nan, galibi har ƙarshen rayuwa. Tambayar me ya sa haka na kai wa wata likitar yara da ta ba ni lokacinta bayan ta sallami marasa lafiya, ita kuma ta ɗauki takarda tana zana mini hanta da mahaifa da cibiya.

Abin da ta fara da shi ya sauya mini yadda nake kallon cutar baki ɗaya. Ƙwayar ba ita ke farfasa hanta da kanta ba. Takan shiga ƙwayoyin naman hanta ta yi ta hayayyafa shiru. Ɓarnar tana zuwa ne idan garkuwar jiki ta gane ta, ta aiko da wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T su kashe duk ƙwayar hantar da cutar ta ɓuya a ciki. Zazzaɓi da rawayar ido da baligi ke yi alamar wannan ɗauki-ba-daɗi ne, kuma da shi yake warkewa. Jinjiri ba ya yin ko ɗaya. Zai sha nono, ya yi ɓulɓul, ya yi rarrafe, ya shiga makaranta, alhali ƙwayar ta cika masa jini. Sai bayan shekara ashirin ko talatin garkuwar ta farka, ta shiga faɗan da ba ta iya gamawa, yau ta kai hari gobe ta ja da baya, hanta tana yin tabo a kan tabo har ta ƙandare ko ta zama daji. Cikin waɗanda suka kamu suna jarirai, har ɗaya cikin huɗu wannan ne ke zama ajalinsu idan ba a kula da su ba.

Me ya hana jinjiri yin faɗan tun farko? Dalili na farko hikimar halitta ce. Ɗan tayi rabinsa na uba ne, wato baƙo ne a jikin uwa, da garkuwarta za ta yi aikinta yadda ta saba da ciki bai zauna ba. Saboda haka lokacin goyon ciki jikin mace kan sassauta, wasu ƙwayoyin T masu aikin kwantar da tarzoma su ƙaru, sinadaran ciki su ma su taimaka. Shi ma ɗan tayin a wannan lokaci garkuwarsa karatu take yi, tana tantance abin da yake na jikinsa don kada ta taɓa shi. Abin da ta tarar a wannan zango takan lissafa shi cikin na gida.

Wannan ƙofa ƙwayar cutar ta gano. Akwai wani ɗan ƙaramin sinadari da take fitarwa cikin jini, likitoci na kiransa da harafin e. Ba ta buƙatarsa wajen hayayyafa, shi ya sa aka daɗe ana mamakin amfaninsa. Ita ƙwayar cutar da wuya take ƙetare mabiyiya, amma sinadarin e saboda ƙanƙantarsa yana ƙetarewa ya isa ga ɗan tayi tun yana ciki. A 1976 masu bincike a Japan, sannan Beasley a Taipei a 1977, suka nuna cewa uwar da ke da wannan sinadari ita ce mai haɗarin: ba tare da rigakafi ba, kashi 70 zuwa 90 na 'ya'yanta kan kamu. A 1990 David Milich da abokan aikinsa a Amurka suka gwada a jikin ɓeraye, suka ga cewa ɗan da ya haɗu da sinadarin e tun a ciki, ƙwayoyin T ɗinsa ba sa tayar masa, kuma ba sa tayar wa wani sashe na ƙwayar cutar da ya yi kama da shi. Tamkar mutumin da yaro ya buɗi ido ya gan shi zaune a zauren gidansu ne, ya tashi yana ce masa Kawu. Ranar da ya shigo da mugun nufi babu mai tambayarsa daga ina.

Binciken bai tsaya nan ba. A 2016 ƙungiyar James Ou a Kalifoniya ta nuna, a ɓeraye dai, cewa sinadarin e na uwa yana sauya halin wasu manyan ƙwayoyin garkuwa da ke zaune cikin hantar ɗa. Maimakon su kira ƙwayoyin T zuwa faɗa, sai su riƙa ɗaga musu alamar dakatawa. Da aka kawar da wannan alama sai 'ya'yan ɓerayen suka iya korar cutar. Shekara guda kafin nan, masu bincike a nan Jami'ar Taiwan sun zo da wani abu da ya fi ba ni mamaki: ƙananan ɓerayen da halittun da ke zaune a hanjinsu ba su gama kafuwa ba, cutar na zaune musu, manya kuwa suna korar ta, amma da aka share hanjin manyan da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai su ma suka kasa. Ashe har mazauna hanji suna da hannu wajen koya wa hanta faɗa.

Ba kowa ya yarda cewa garkuwar jinjiri barci take yi ba. Antonio Bertoletti da ƙungiyarsa a Singafo sun auna jinin cibiyar jariran da iyayensu mata ke ɗauke da cutar, a 2015 suka ce sun tarar garkuwar waɗannan jarirai ta ma fi ta sauran nuna alamun balaga. A fahimtata wannan ra'ayi yana da ƙarfi, kuma shaidarsa tana gaban kowa. Jinjirin nan da ba ya tayar wa ƙwayar cutar, idan aka yi masa allurar rigakafi jikinsa yana amsawa sarai, ya ƙera kariyarsa da kansa. Ba rauni ne da shi ba. Ya danganta ne da wanda ya riga isa gare shi da yadda aka gabatar masa da abin.

Akwai kuma wani juyi da likitar ta jaddada mini. Uwar da ba ta da sinadarin e ba ta cika sa wa ɗanta cutar ba, in ma ya kamu yakan kore ta. Amma da yake ba a riga an lallashi garkuwarsa ba, wani lokaci takan afka wa hantar da ƙarfin da ya wuce kima, jariri ɗan wata biyu ko uku ya kamu da ciwon hanta mai kisa cikin kwanaki. Ba kasafai ake ganin haka ba, amma likitocin Taiwan sun gani sun rubuta. Don haka babu uwar da ke ɗauke da ƙwayar da za a ce ɗanta ba ya buƙatar kariya.

Ita mabiyiya ba sharri kaɗai take ƙetarwa ba. A watannin ƙarshe na ciki tana kwasar sinadaran kariya daga jinin uwa tana zuba wa ɗa, da su yake fara rayuwa. Matar da aka yi wa rigakafi, ko ta taɓa kamuwa ta warke, tana ba ɗanta kariya daga wannan cuta ta wannan hanya. Mai ɗauke da cutar kuwa ba ta da irin wanda ke tare ƙwayar, wanda take da shi yana ƙetarewa amma ba ya hana komai. Daga nan dabarar allurar HBIG ta samo asali: a tace kariyar daga jinin mutanen da suke da ita, a ara wa jinjiri, ta riƙe shi kafin tasa ta tsaya da ƙafarta. Kuma da yake mafi yawan kamuwa lokacin naƙuda ne, sa'ad da jinjiri ke cuɗanya da jinin uwa da ruwan haihuwa, akwai ɗan taƙi kafin ƙwayar ta kafu a hanta. Taƙin bai da yawa. Shi ya sa ake cewa a yi allurar cikin awa 24, kuma gwargwadon saurin yi gwargwadon amfaninsa.

Wani abu da na lura da shi a gidajen abinci na Taipei shi ne yawan 'yan sandunan cin abinci na gora da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Suna da alaƙa da wannan labari. A farkon shekarun 1980 an yi ta wayar da kai cewa a daina tsoma sanduna cikin kwano ɗaya, ana zaton ta nan cutar ke yaɗuwa. Ba ta nan take bi ba, kuma wannan zato ya jawo wa masu ɗauke da ita ƙyama a wurin aiki da wurin neman aure. Na kawo wannan ne don mu ma muna da namu: ana cewa ta gumi ake ɗauka, ana ware wa mutum kwano da moɗa. Cin tuwo a kwano ɗaya bai taɓa zama hanyarta ba. Jini ne, da saduwa, da haihuwa.

A watan Yuli na 1984 Taiwan ta zama ta farko a duniya da ta ƙaddamar da rigakafin wannan cuta a faɗin ƙasa, da goyon bayan minista Li Kuo-ting wanda ya tsaya wa likitocin a cikin gwamnati. Aka fara da jariran matan da ke ɗauke da ƙwayar, a Yulin 1986 aka haɗa kowane jariri. Aka riƙa gwada kowace mai ciki wajen awo, wadda aka samu da sinadarin e a ƙara wa ɗanta HBIG a ranar haihuwa. A Taipei yaran da ke ɗauke da ƙwayar sun sauko daga kashi 9.8 cikin ɗari a 1984 zuwa 0.7 a 1999. A 1997 likitar yara Chang Mei-Hwei ta nuna cewa dajin hanta a tsakanin yara 'yan shekara 6 zuwa 14 ya ragu daga 0.70 zuwa 0.36 cikin kowane dubu ɗari. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar allura ta hana ciwon daji a jikin ɗan Adam. Na ga katin rigakafin yaransu, ruwan ɗorawa ne, ana neman sa ranar shiga firamare.

Duk da haka ba a toshe ƙofar gaba ɗaya ba. Kusan ɗaya cikin goma na 'ya'yan mata masu sinadarin e suna kamuwa ko da an yi musu allurai biyun a kan lokaci. Da aka duba, sai aka ga yawancinsu iyayensu mata ƙwayar ta yi musu yawa ƙwarai a jini, ta rinjayi kariyar aron. Wasu kaɗan tun a ciki suka kamu, musamman idan an yi barazanar haihuwar bakwaini mabiyiya ta ɗan tsage jinin uwa ya tsallaka. Maganin wannan sai aka koma kan uwa. Ƙwayar magani mai suna tenofovir, ɗaya a rana a watanni ukun ƙarshe, tana rage yawan cutar kafin naƙuda. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Sin aka wallafa a 2016, cikin matan da suka bi ƙa'idar har ƙarshe, babu jariri ko ɗaya da ya kamu a ɓangaren masu shan maganin, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 7 cikin ɗari sun kamu. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi daga mako na 28 ga matan da ƙwayar ta yi wa yawa. Inshorar lafiya ta Taiwan tana biyan kuɗinsa tun 2018, kuma daga 2019 ana ba HBIG ga ɗan kowace mai ɗauke da cutar.

Matan Taiwan ma suna jego. Wata guda suke yi a ɗaka, ana dafa musu kaza da man riɗi da citta, har akwai gidaje na musamman da maijego ke kama ɗaki ita da jaririnta. A wannan lokaci ne likitoci ke sa wa uwar ido, domin da zarar an haihu sassaucin nan na garkuwa yakan ɗauke, ta dawo da ƙarfinta ta far wa hanta. Mata da dama awon hantarsu kan hau a watannin farko bayan haihuwa. Yawanci yakan lafa da kansa, amma akwai wadda takan kai ga kwanciya. Na tuna matanmu da ake ɗura wa jiƙe-jiƙe a kwanakin wanka ba tare da an san halin da hantarsu ke ciki ba.

Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin Taipei, wanda aka buɗe a 1960, yawancin sahun 'yan Indunusiya ne masu aikin ƙwadago. A hanyar dawowa lissafin gida nake yi. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manya suna ɗauke da wannan ƙwaya. Allurar tana cikin jadawalin rigakafinmu tun 2004, kyauta, har da ta ranar haihuwa. Amma a Taiwan kusan kowace haihuwa a asibiti ake yin ta, mu kuwa a arewa maso yamma, a ƙidayar lafiya ta 2018, ba a kai biyu cikin goma ba. A faɗin Afirka jariran da ke samun allurar ranar haihuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Mace ta haihu a ɗaka, ungozoma ta yanke cibiya, a ce jariri ba ya fita sai an yi suna, wasu ma sai an yi arba'in. Kafin nan ƙwayar ta daɗe da kafuwa.

Ba na cewa mu kwafi Taiwan tsaf. Nau'in ƙwayar da ya fi yawa a Afirka ta Yamma daban yake da nasu, kuma matanmu sukan rabu da sinadarin e da wuri, don haka waɗanda ke kai shi shekarun haihuwa ba su kai nasu yawa ba. Binciken da aka daɗe ana yi a ƙauyukan Gambiya ya nuna cewa a yankinmu yara da yawa daga junansu suke ɗauka kafin su kai shekara biyar, ta ƙuraje da miki da duk abin da ke fid da jini. A nan dole a ambaci askar da ta yi wa wannan jariri aski da cire beli ta wuce gida na gaba. Amma binciken Gambiyan dai ya nuna cewa waɗanda suka ɗauka daga uwa su ne cutar ta fi yi wa illa idan sun girma. HBIG tana da tsada kuma tana son firji, ba kowane gari za a same ta ba. Allurar rigakafi ita kaɗai, idan an yi ta a ranar farko aka cika sauran ukun na mako 6 da 10 da 14, tana tare mafi yawan kamuwa. Tenofovir kuwa ba baƙo ba ne a asibitocinmu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora wa uwa laifi. Na san gidajen da sakamakon gwaji ya zama sanadin saki. Matar nan mai yiwuwa ita ma tana jinjira ta ɗauka, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, kuma tana iya haihuwar 'ya'ya lafiyayyu ta shayar da su nononta har yaye. Abin da take buƙata gwajin jini ne lokacin awo, wanda ba ya cin minti ashirin, da miji mai tsaya mata.

Don haka kirana ga maigida ne, da kaka, da ungozoma, da wanzami, tunda su ke da ta cewa a kwanakin farko. Mai ciki ta je awo ta nemi a gwada ta ciwon hanta. Idan an same shi, a tambayi likita ko tana buƙatar magani daga wata na bakwai, kuma a yi ƙoƙari ta haihu a asibiti. Wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane yaro. In kuwa haihuwa ta zo a gida, to maijego ta zauna ta huta, amma a sami wanda zai naɗe jaririn a zane ya kai shi asibiti mafi kusa a yi masa allurar hanta kafin kwana ya zagayo. Kada a jira suna.